Koya wa Yara Rabi da Kwata: A Sayi Kayan Roba ko a Yanka Kwali?

Tambaya: 'Yata tana aji biyu na firamare, lissafin rabi da kwata yana ba ta wahala. Na ga ana sayar da wasu fayafayan roba masu launi da aka yanyanka kashi-kashi. In saya mata? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya raya ta. Ki ajiye kuɗinki tukuna, ki nemo kwali da almakashi da rula. Ki yanka dogayen guntaye guda biyar, kowanne tsawonsa santimita 24. Ki bar ɗaya yadda yake, na biyu ki raba shi biyu, na uku gida uku, na huɗu gida huɗu, na ƙarshe gida takwas. Na zaɓi 24 ne don yana rabuwa daidai: rabinsa 12, sulusinsa 8, kwatarsa 6, sumuninsa (kashi ɗaya cikin takwas) 3. Da'ira kuwa, raba ta uku daidai da hannu sai gwani.

Abin da ke rikita yara shi ne sun saba takwas ta fi huɗu, sai su ɗauka 1/8 ya fi 1/4 girma. Bayani ba ya cire wannan. Ta ɗora guntun sumuni a kan na kwata, ta gani da idonta sai ta jera biyu kafin su rufe shi. Ki kuma gwada ta da rake: ki karya shi wani ya fi wani tsawo, ki tambaye ta ko rabi ne. Yaron da aka taɓa ba ƙaramin kaso ya san amsar.

In dai sai kin saya, ki duba abu biyu. Duk fayafayan su zama girmansu ɗaya, don rabin babban faifai da rabin ƙarami ba sa kwatantuwa. Sannan in tana da ƙane mai rarrafe, ƙananan guntayen baki za su nufa.

Tambaya: Ni malami ne, ajina cike yake maƙil. An ba ni 'yan kuɗin kayan koyarwa. Sandunan Cuisenaire zan saya ko babban hoton bango? (Wani malami daga Maraɗi)

Amsa: Malam, sandunan suna da kyau. Georges Cuisenaire, malamin firamare a Beljiyam, shi ya ƙirƙiro su: kala goma, daga santimita 1 zuwa 10. Matsalar ita ce akwati ɗaya a babban aji 'yan bencin gaba kaɗai zai amfana, kafin ƙarshen zango kuma rabinsu sun ɓace. Hoton bango kallo ne kawai. Da ni ne, takarda zan saya da yawa, kowane yaro ya naɗe tasa biyu, ya sake naɗewa, ya buɗe ya ƙirga. Canjin da ya rage a sayi agogon bango mai hannu, tunda "ƙarfe biyu da kwata" yana bakinsu tun daga gida.

Tambaya: Manhajar waya fa? (Wani uba daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, a bar ta sai yaro ya yanka ya jera da hannunsa. Bayan nan ta kyauta ma ta wadatar don bita, a zaɓi wadda ke aiki ba tare da data ba.