Irin turaren katako ba a gefen titi ake kakkaɓo shi ba

Kai yaro, wai kana son ka san yadda ake tayar da bishiyar turare daga iri har ya kai a yanka katako, kuma har ka riga ka kakkaɓo iri a bishiyoyin gefen titi. Je ka zubar da shi tukuna. Bishiyar da hannunka ya kai ga 'ya'yanta kana tsaye a ƙasa gajeriya ce mai rassa, kuma irinta za ta haifa maka. Irin katako a jikin miƙaƙƙiyar uwa ake ɗibarsa, wadda sai hularka ta faɗi kafin ka hango reshenta na farko. Ku 'yan yanzu ba ku son hawa, sai abin da ya faɗo muku a cinya.

Ni na taɓa mallakar irin waɗannan uwayen. Irinsu wajen wani tsohon malamin daji na samo, mutumin da ya yi aiki a gandun Afaka ta Kaduna. Shi ya gaya min asalin bishiyar nan daga Ostireliya take, kuma da aka yi gwaji a ƙasarmu, irin wani yanki na can da ake kira Petford yana cikin waɗanda suka fi karɓar wurin. Na dasa su da tazarar mita 3 ta kowane gefe. Da suka fara matse juna sai na bi layi-layi da jan fenti, ina shafa wa karkatattu da masu baki biyu da waɗanda aka danne. Su za a sare a sayar wa magina su yi tokara, a bar miƙaƙƙun su sha rana su yi kauri. Wannan ragewar ce ta raba mai neman sanda da mai neman katako. Sanda shekara 5 zuwa 7 ta ishe ta, katako kuwa sai ka haura 15, in so samu ne 20.

Sai ga wani dillalin itace, carbi a hannu, baki kamar zuma. Muka yi ciniki a kan masu jan fenti kawai, a gaban mutane, ya ba da kafin alƙalami. Ana gobe zai zo sara aka yi mana rasuwa a dangin iyalina, na tafi. Ya san da tafiyar sarai, don har gaisuwa ya aiko. Da na dawo na shiga gandun, masu jan fenti na nan tsaye kowanne da fentinsa, miƙaƙƙun nan kuwa sai kututture, ruwansu ma bai bushe ba. Wai yaransa ne ba su gane ba, sun ɗauka mai fenti shi za a bari. Yaran da suka bi suka tsinci mafi kauri ɗaya bayan ɗaya, su ne ba su gane ba? Muka je gaban dagaci, aka yi ta "a yi haƙuri, ɗan'uwa ne", ya ƙaro 'yan kuɗin da ko ladan ban ruwan rani ba su kai ba. Na karɓa don girman manya, amma ban yafe ba.

Abin da ya fi ci min rai, shi ma bai ci moriyarsu ba. Bai san turare ba. Matashin turare a ɗaure yake daga ciki, kana kayar da shi bakin gungumen zai fara tsagewa, in ka kai shi inji ɗanye kuwa falankin yana fita yana kantarewa. Haka ya yi. Kafintoci suka dawo masa da kayansa, ƙarshe masu gidan burodi suka saya suka ƙona. Itacen da da ya yi ƙofa da jigon rufi, jan cikinsa mai nauyi, ya tafi a toka. Kututturen ya yi toho, turare ai sara ba ya kashe shi, amma toho sanda yake ba ka, uwayen irin kuwa sun tafi.

Shukar kanta ba abin da zan zauna ina koya maka ba ne. Ka ɗebi kwanson da ya fara yin ruwan ƙasa bai buɗe ba, ka shanya a kan zane, irin zai zubo da kansa, mafi yawansa ma ƙaiƙayi ne. Ka gauraya da tankaɗaɗɗen yashi ka barbaɗa a farantin da ka zuba wa ƙasa, kada ka binne, yana son haske. Farantin a kan tebur, in ba haka ba kiyashi su kwashe. Ruwa feshi-feshi; in ka kwarara masa da bokiti ko ka cika shi da yawa, tsiron zai ruɓe daga gindi ya kwanta. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. In ya yi ganye huɗu ka mayar da shi leda, ka riƙe shi ta ganye, ka tabbatar saiwar ta sauka a miƙe. Saiwar da ta lanƙwashe a leda iska ce za ta gaya maka bayan shekaru. Ka shuka a Fabrairu ko Maris, ka dasa in damina ta zauna, yana wajen santimita 30.

Gara ita ce babbar abokiyar gabarsa a shekarar farko, ramin da ba a sa wa maganin gara ba asarar leda ce. Da kaka ka share ciyawa kewaye da gandun kafin masu farautar gafiya su sa wuta. Kada ka dasa kusa da rijiya ko gonar geron maƙwabci, yana shan ruwa, rigima za ka saya. In Allah ya kai ka ranar yanka, ka shafe bakin gungume da fenti nan take, falanki kuma a inuwa ake jera shi da 'yan sanduna a tsakani har ya bushe a hankali.

Yanzu ɗauko rariya ka tankaɗe yashin can kafin la'asar, gobe mu je in nuna maka bishiyar da za ka hau.