Ina ake samun lemo mai ɗaci na yin mamaled? Amsoshin malamin gona

Tambaya daga wata Hajiya a Zariya: Malam, na ci mamaled a gidan 'yata a Ingila, wato jam ɗin lemo da ake dafawa har da ɓawonsa, ana shafa wa burodi. Da na dawo na gwada da lemon zaƙi, sai ya fito ruwa-ruwa, ga zaƙi kamar alewa. An ce sai da lemo mai ɗaci. Na zaga kasuwa, duk wanda na tambaya lemon tsami yake miƙo min. Ina zan same shi?

Amsa: Hajiya, masu lemon ba su yi laifi ba. Abin da kike nema ba ya shigowa kasuwa a kwando, domin ba mai iya ɓare shi ya sha, kuma ɗan kasuwa ba ya ɗauko abin da zai kwana a hannunsa. Iri ne daban da lemon tsami. Girmansa kamar na lemon zaƙi, ɓawonsa mai kauri da kaushi, cikinsa cike da 'ya'ya, ruwansa kuma tsami da ɗaci a haɗe. Larabawa suna ce masa naranj. Turawan Ingila suna kiransa da sunan birnin Sabiya na ƙasar Sifen, inda ake noma shi har a bakin tituna, daga can ake kai musu shi a watan Janairu zuwa Fabrairu. Ko su ɗin makonni kaɗan suke ganinsa a shekara, wanda ya makara sai baɗi.

Dalilin da ya sa naki bai kama ba shi ne wani sinadari mai suna fektin, wanda yake sa jam ya daskare. Yana zaune ne a cikin 'ya'yan lemo da farin ɓargon da ke ƙarƙashin ɓawo, kuma ba ya aiki sosai sai da tsami. Lemo mai ɗaci yana da fektin da tsamin duka a wadace. Lemon zaƙi, musamman wanda ya nuna tuɓus, ya gaza ta kowane ɓangare.

Shawarata, ki bar bin masu tebur, ki bi masu lambu. Tsofaffin gonakin lemo da gidajen gwamnati na da, irin masu faɗin fili, nan ake tsintarsa, sau da yawa mai wurin ma bai san yana da shi ba. Abin da ke faruwa shi ne, a can baya an riƙa yi wa lemon zaƙi aure a kan gindin mai ɗaci, wato a haɗa reshen mai zaƙi da gindin su girma tare. Idan saman ya mutu ko aka sare shi, sai gindin ya tofo ya zama bishiya mai zaman kanta. To ki tambayi mai lambu haka: akwai bishiyar da ta lalace ta koma tsami? Ita ce wadda yara ba sa jifa, 'ya'yanta suna zuba ƙasa suna ruɓewa. Na sha ganin an ba da buhu guda kyauta don a rage shara. Idan kina da mai zuwa Kano, ki sa a yi magana da dillalan 'Yan Lemo a Na'ibawa, waɗanda suke ɗauko kaya daga Binuwai. Idan suka san da mai saye a ƙasa, za su iya sa manomi ya tsinko ya haɗo a mota. Lokacin hunturu, da lemo yake cika kasuwa, shi ne lokacin wannan cigiya.

Sai dai ki duba da kyau, don ba kowace bishiyar da ta koma tsami ce wadda kike so ba. A nan ƙasar akan yi aure a kan wani lemo mai gurje-gurjen fata da ɗan tsini a ƙasansa, shi tsami ne zalla, ba ƙamshin da ake nema. Ki tsinki ganye ki duba ƙarar da ta riƙe shi: a mai ɗaci tana da fukafukai masu faɗi, kamar wani ƙaramin ganye ne a gindin babban. Ki murza ganyen a tafin hannu, za ki ji ƙamshi mai daɗi kamar turare. Ki yanka ɗan da ya nuna, tsakiyarsa za ta kasance da ɗan rami. Kada korensa ya hana ki ɗauka. Lemo ba ya yin ja sai ya sha sanyin dare, shi ya sa na ƙasashe masu zafi yake nuna yana kore.

Tunda ɓawon za a ci, ki tambayi yaushe aka yi feshi na ƙarshe, ki kuma wanke shi da ruwan ɗumi da soso.

Wani matashi daga Maraɗi ya ce ya nema har ya gaji, ko akwai abin da zai maye gurbinsa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma da shi na fi yi a gidana. Ka haɗa lemon zaƙi uku ko huɗu waɗanda ba su nuna sosai ba, garehul ɗaya don ɗaci, da ruwan lemon tsami biyar. Ɓawon lemon tsamin kada ka sa da yawa, yana tauri a wuta. Ku a Nijar kuna da sa'a, garehul na zuwa daga lambunan Timiya a tsaunukan Ayar.

Ma'aunin da aka saba da shi ga mai ɗaci shi ne kilo 1 na lemo, kilo 2 na sukari, ruwa lita 2 da rabi. A wannan haɗin ka rage sukarin zuwa kilo 1 da rabi. Ka matse ruwan, ka yayyanka ɓawon siri-siri, ka ƙulle 'ya'yan da ɓargon a ƙyalle mai tsabta, ka jiƙa duka su kwana. Washegari ka dafa kamar awa 2, sai ɓawon ya yi laushin da yatsa biyu za su murƙushe shi. A nan mutane suke kuskure: suna zuba sukari da wuri, ɓawon ya ƙanƙame, ko an kwana ana dafawa ba zai yi laushi ba. Ka matse ƙullin sosai ka cire, sannan ka zuba sukari, ya narke, ka ƙara wuta. Bayan minti 15 ka ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi. Idan ka tura da yatsa ya yi tamoji, ya yi. Kada ka yi a tukunyar dalma, tsami yana cin ta. Ka zuba da zafinsa a kwalaben da aka tafasa. Mai shan maganin hawan jini ko na rage kitsen jini ya tambayi likita tukuna, domin garehul da lemo mai ɗaci suna ƙara wa wasu magungunan ƙarfi a jiki.

Tambaya ta uku daga wani Alhaji mai lambu a Kafanchan: Idan haka ne, in shuka shi da yawa, in kuma riƙa yi wa lemon zaƙina aure a kansa?

Amsa: Alhaji, shuka ɗaya ko biyu a gefen lambu, na yarda. Yana fitowa daga iri ba tare da ya sauya hali ba, amma ka shuka 'ya'yan da ɗanyensu, idan suka bushe ƙarfin tsirarsu yana raguwa. Ka ba shi tazarar mita 6, ka kula da gara, ka kuma yi haƙuri, na iri yakan kai shekara biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Gona guda kuwa ban ba ka shawara ba sai ka ga mai saye da idonka.

Batun aure a kansa, a'a. Gaskiya gindi ne mai jure ƙasa mai nauyi da ruɓewar saiwa, shi ya sa duniya ta daɗe tana amfani da shi. Amma akwai cutar tiristeza, ma'anar sunan baƙin ciki, wadda darɓa ke yaɗawa daga bishiya zuwa bishiya. Mai ɗaci a kan saiwarsa yana jure ta. Idan kuwa lemon zaƙi ne a kansa, cutar tana toshe hanyar abinci daidai gaɓar auren, saiwa ta mutu da yunwa, bishiya ta bushe da 'ya'yanta a rataye. Haka ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Ajantina da Birazil tsakanin shekarun 1930 da 1940, kuma tana nan a Afirka ta Yamma, ita ce ta taɓa cinye gonakin lemon tsami a Gana zamanin Turawa. Ka nemi dashen da aka aura a kan gindin Kiliyofatara, wani nau'in tanjarin da ke jure cutar. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, ka fara tambaya daga can.