Tabar Lofe: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Tambaya daga Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum Malam. Lofe nake sha tun ina saurayi, amma gwangwanin tabar da ake kawowa daga waje ya fi ƙarfin aljihuna tun da sidi, kuɗinmu na Ghana, ta faɗi. Wani abokina da ke zaune a Jamus ya ce zai zo mini da ganye in riƙa haɗawa da kaina. Wane iri zan ce ya sayo?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da so samu ne, da ka ajiye lofen gaba ɗaya, kuma dalilina na cikin amsar tambaya ta ƙarshe. Amma tunda abin da ka tambaya ke nan, ga shi: kada ka sa ya kwaso iri biyar ko shida. Biyu sun isa, in ka matsa uku.

Na farko Bajiniya. Da zafin wuta mai bi ta bututu ake busar da shi cikin kamar mako guda, hayaƙi ba ya taɓa shi, shi ya sa yake fitowa rawaya da sukarinsa a jiki. Yana da zaƙi, sai dai yana ci da sauri da zafi, har ya gasa harshen mai gaggawa. Na biyu Barli, wanda ake ratayewa a inuwa iska ta busar da shi cikin wata ɗaya zuwa biyu. Kafin ya bushe sukarinsa ya kusa ƙarewa, nikotin ɗinsa ya fi yawa, kuma a hankali yake ci. Zafin wancan da sanyin wannan su ne ke daidaita juna. Su biyun nan su ne tuwo, duk sauran da za ka ji ana yabo yaji ne.

A cikin yajin nan akwai Latakiya, mai sunan wani birnin bakin teku a Siriya, ko da yake yanzu galibinsa daga tsibirin Kubrus yake fitowa. Ƙaramin ganye ne da ake shanyawa a rana, sannan a turara shi da hayaƙin itatuwa na tsawon watanni har ya yi baƙi ƙirin. Ka yi tunani tukuna kafin ka saye shi. Warinsa na kama labule da tufafi, kuma a gidajenmu na Zango, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, tsakar gida ɗaya, maƙwabta ne za su fara sanin ka kunna. Akwai kuma Ferik, na jihar Luwiziyana a Amurka, wanda ake dannewa cikin gangar katako ya tsumu a ruwan jikinsa na kusan shekara. Yana da tsada da ƙarfi, kashi 5 cikin 100 ya wadatar, kuma ban ga abin da sabon hannu zai yi da shi ba.

Ka nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, don awon ido ba ya maimaituwa. Fara da giram 20 kacal: 12 Bajiniya, 6 Barli, 2 Latakiya. Idan ganyen bai zo a yanke ba, zare jijiyar tsakiya, naɗe shi, ka yanka siriri da wuƙa mai kaifi. Cuɗa su a faranti, zuba a kwalba mai murfi, ka bar ta mako biyu kafin ka ɗanɗana, domin haɗin ranar farko kowane ganye nasa yake yi daban. Rubuta awon a takarda ka manna a jikin kwalbar. In za ka gyara, abu ɗaya za ka canza a kowane karo.

Abokin naka kuma ya nuna wa jami'an kwastan abin da ya ɗauko a filin jirgi, kada ya ɓoye. In kuwa da niyyar sayarwa ce, wannan magana ce ta Hukumar Abinci da Magunguna, FDA, wadda ke yi wa kayan taba rajista a Ghana.

Tambaya daga Asawase: Malam, na buɗe kwalbata na tarar da wani farin abu kamar auduga a kan tabar. In na shanya ta a rana za ta gyaru?

Ba za ta gyaru ba, ƙanena. Fumfuna ce, kuma abin da ka gani a sama kaɗan ne daga abin da ya ratsa ciki. Zubar da ita duka, ka wanke kwalbar da tafasasshen ruwa, ka bari ta bushe ƙayau.

Littattafan Turawa sun fi damuwa da kada taba ta bushe, mu kuwa a Kumasi laima ce matsalarmu, ga damina sau biyu a shekara. Kafin ka rufe kwalba, damƙi kaɗan da yatsu uku ka saki. In ta dunƙule ta ƙi warwarewa, akwai sauran ruwa, baza ta a inuwa. In ta karye ta zama gari, ta bushe da yawa, wanda sai a lokacin hunturu ake yawan ganin haka. Maganinsa ka zuba ta a kwano, ka rufe bakinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle wanda bai taɓa ta ba, na 'yan awoyi. Ɓawon lemo da zuma da wasu ke jefawa ciki, su ne ke gayyato fumfunar.

Tambaya daga Tafo: Tabar gari da ake sayarwa a kasuwa fa, za ta shiga haɗi?

A'a. Wannan ta shaƙa ce ko ta gunɗa, galibi da kanwa a ciki, kuma aikin kanwar shi ne ta sa nikotin ya yi saurin shiga jini. Gari ma toshe lofe yake yi.

Tambaya daga Sawaba: Malam, Babanmu ya bar sigari ya koma lofe. Ya ce ganye tsantsa ba ya cutarwa tunda ba a zuba masa sinadarai. Ya ce in saya masa, ni kuma ba na son saɓa masa. Ya zan yi?

'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan ladabi, amma kada ki saya. Maganar da aka gaya wa Baba ba gaskiya ba ce, kuma ta yaɗu sosai a tsakanin dattawanmu. Gubar ba daga kamfani take zuwa ba. Nikotin a jikin ganyen yake tun yana gona, wasu sinadarai masu jawo cutar kansa suna samuwa ne yayin busar da shi, sauran kuma ƙonewa ke haifar da su, ko wane hannu ya yanka ganyen. Mai lofe kan ce ai ba ya haɗiye hayaƙi. To bakinsa da harshensa da maƙogwaronsa fa? Nan hayaƙin ke zama, nan kuma cutar kansa kan kama masu lofe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, ciki har da waɗanda hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, irin jikokin da ke zama kusa da shi. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ba ta ware lofe ba.

Mutumin da ya iya barin sigari ya riga ya nuna yana da ƙarfin zuciya, don haka ki fara da yaba masa a kan wannan. Kada ki yi masa maganar a gaban mutane. In kina jin nauyi, ki nemi ƙaninsa ko amininsa ya faɗa masa. Ki kuma tambaye shi ko yana da wani miki ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko dusashewar murya da ta ƙi tafiya. In akwai, ki raka shi asibitin Komfo Anokye a duba shi cikin makon nan.