Me ya haɗa nunar ayaba da leda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na kemistiri ya ce iskar da ke nunar da ayaba da ita ake yin leda, kuma ita ce ke kore launin ruwan buromin. Yaya abu ɗaya zai yi duk wannan? Daga wata ɗaliba a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ya yi gaskiya. Sunan iskar etin, C2H4, ita ce ƙarama a dangin alkin (alkene a Turance), kuma abin da ya bambanta wannan dangi shi ne ɗauri biyu da ke tsakanin ƙwayoyin kabon guda biyu. Ɗaurin farko yana da ƙarfi, na biyun kuwa ba ya wuyar kwancewa, kuma da zarar ya kwance sai kowane kabon ya sami hannun da zai riƙe baƙo.

Shi ya sa idan aka girgiza alkin da ruwan buromin, wanda launinsa ruwan goro ne, za ki ga ya washe tas kamar ruwan famfo, domin buromin ya shige gurbin da ya buɗe. Wani dangin kuwa, alkan (alkane a Turance), mai ɗauri ɗaya-ɗaya, ba shi da wannan gurbi, saboda haka launin ba ya gushewa. Ta wannan ƙofa ta ɗauri biyu haidirojin ke shiga man girki, da taimakon ƙarfen nikel, ya daskarar da shi ya zama majarin.

Leda kuwa, etin ce ke riƙe 'yar'uwarta, dubbai a jere, har su zama doguwar sarƙa mai suna politin, wadda aka gano hanyar yin ta daga etin ba da niyya ba a Ingila a shekarar 1933. Abin lura shi ne, bayan sarƙar ta haɗu babu sauran ɗauri mai saurin kwancewa, don haka ledar da ta toshe kwatocinmu da daminar bara tana nan ba ta ruɓe ba.

Batun ayaba daban ne, kada ki cakuɗa su a jarrabawa. Ɗan itacen da kansa yake fitar da etin a matsayin saƙon nuna, shi ya sa a kasuwar 'Yan Lemo ake lulluɓe ɗanyar ayaba domin iskar ta taru. Masu gaggawa da ke sa kabaid kuwa iskar asitilin suke samarwa, mai ɗauri uku, ɗan wani dangi dabam, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka saboda gubar asenik da kabaid ɗin kan zo da ita.