Motar Likita: A Ɗora Ta A Jirgi Zuwa Ingila Ko A Sayar Da Ita A Abuja?

Rabi'u, na ga saƙonka, kuma na zaɓi in rubuta maka amsar a tsanake, domin hayaniyar garejinmu na Apo ba za ta bar mu mu yi wannan magana yadda ya kamata ba. Ka ce likitan nan da ke kawo mana Mustang ɗinsa ya samu aiki a Ingila, zai ƙaura da iyalinsa, kuma ya nemi ka tambaye ni ko mu shirya motar a ɗora ta a jirgin ruwa ta bi shi. Ka ƙara da cewa kai a ganinka babu abin tsayawa shawara, tunda motar lafiyarta ƙalau, mai ita yana ƙaunarta, kuma titunan can sun fi namu dacewa da motar tsere. Ra'ayina shi ne ya sayar da ita a nan. Sai dai ba na so ka kai masa hukunci babu hujja, domin mutane na ta ƙaura a 'yan shekarun nan, kuma wannan tambaya za ta sake zuwa gabanka ranar da ba na kusa.

Fara da sitiyari. Tun shekarar 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, shi ya sa motocinmu sitiyarinsu yake a hagu, irin na Amurka inda aka ƙera wannan Mustang. Ingila kuwa har yau ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Dokarsu ba ta hana mota mai sitiyarin hagu hawa titi ba, amma direbanta yana zaune ne a gefen da ba ya hango abin da ke tahowa idan zai wuce babbar mota, kuma duk na'urar karɓar tikiti a wurin ajiye motoci tana ɗaya gefen ne. Ranar da zai sayar da ita kuma, masu saye kaɗan ne za su taya. Abin da ya ƙara raunana hujjar tafiya da ita shi ne, tun daga samfurin 2015 kamfanin Ford yake ƙera Mustang mai sitiyarin dama, ana sayar da ita a Ingila. Wato abin da likita yake so ya biya kuɗin jirgi ya kai, yana can a kasuwarsu, an riga an ƙera shi daidai da titinsu.

Daga nan sai takardu. Idan mota ta sauka Ingila, dole a sanar da hukumar harajinsu cikin kwana 14, kuma a ƙa'ida ana biyan kuɗin fito kashi 10 cikin 100 na darajar motar haɗe da kuɗin dakonta, sannan a ɗora harajin VAT kashi 20 cikin 100 a kan jimillar. Akwai sassauci ga wanda ya ƙaura da kayansa, kuma likita zai iya dacewa da shi: sai ya kasance ya zauna a wajen Birtaniya wata 12 a jere, ya mallaki motar yana amfani da ita aƙalla wata 6, kuma ba zai sayar da ita ko ya ba da aronta ba har sai ta yi wata 12 a can. Ana neman wannan izini ne tun kafin kaya su tashi. Ka lura da sharaɗin ƙarshe, domin a nan tarkon yake. Idan ya isa ya ga motar ta zame masa nauyi, ba shi da halin rabuwa da ita a shekarar farko sai ya biya harajin da aka yafe masa, alhali shekarar farko ita ce baƙo ya fi buƙatar kuɗi a hannu.

Ko an yafe haraji, ba a yafe gwaji ba. Motar da ba ta kai shekara 10 ba, wadda kuma ba a ƙera ta domin kasuwarsu ba, sai ta ci gwajin da suke kira IVA kafin a ba ta lamba. Mustang ta Amurka siginarta ta baya ja ce, su kuwa ruwan goro suke buƙata. Ba ta da fitilar hazo ta baya, wadda wajibi ce a can. Fitilun gaba an saita su ne su haska gefen dama na titi, saboda haka a Ingila idon masu tahowa za su riƙa kashewa. Kada ka ɗauka canjin ƙwan fitila ne kawai, domin a motocin zamani wutar baya tana bi ta kwamfutar mota ne, sai an sake waya an kuma saita ta, kuma ladan makaniki a can da awa ake lissafa shi, da fam. Abu ɗaya da ya zo masa da sauƙi shi ne agogon gudu, tunda Amurka da Ingila duka da mil suke awo.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, kuma shi na fi so ka riƙe. Motar da ta yi shekaru a Nijeriya ta sha hannu, kuma da yawa daga dabarun da ake yi mata a nan laifi ne ko haɗari a ƙasar sanyi. Ka san yadda wasu abokan sana'armu suke fasa salansa su cire indomi, wato abin nan da ke tace hayaƙi a cikin salansa, ko don ta toshe, ko don ƙarafan da ke cikinta suna da tsada. A nan mota za ta ci gaba da tafiya babu mai tambaya. A can kuwa duk shekara ake gwajin lafiyar mota da suke kira MOT, ana auna hayaƙi, kuma motar da aka cire wa indomi ta faɗi, haka ma wadda fitilar gargaɗin injinta ke kunne. Ka san kuma al'adar cire tamostat, wato abin da ke daidaita ɗumin inji, da haɗa fanka kai tsaye don gudun zafin inji, da cika lagireto da ruwan famfo. Wannan dabara ko a nan cutar da inji take yi a hankali, amma a ƙasar da ruwa ke daskarewa, dare ɗaya ya isa ruwan ya zama ƙanƙara ya kumbura ya tsaga inji. Injin da babu tamostat ba ya ɗaukar ɗumi da wuri, hita ba za ta yi aiki sosai ba, gilashin gaba ya yi ta yin raɓa direba ba ya gani. Haka batun baƙin mai: a nan ana ɗura mai kauri irin 20W-50 a kowace mota, alhali kamfani ya rubuta siririn mai a kan murfin injin, kuma mai kaurin nan da sanyin asuba ba ya isa saman inji da wuri. Motar likita ba a hannunmu ta fara ba, saboda haka kada ka rantse a kan abin da ba ka buɗe ka gani ba.

Akwai kuma tarihin motar, wanda fenti yake ɓoyewa amma lambar shasi ba ta ɓoyewa. Kaso mai yawa na motocin tokumbo da ke zuwa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci, wuraren gwanjo irin su Copart, aka kawo su aka gyara a Legas ko a nan. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa, da ita kamfanin inshora zai binciko duk abin da ya taɓa samun motar. Na sha ganin mota mai sheƙi wadda jakar iskarta, mai kare direba idan an yi karo, fanko ce, an sa wata 'yar dabara don fitilar gargaɗi ta mutu. Mafi muni shi ne motar sata. A shekarar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su ƙasar nan. Mutum zai iya sayen irin wannan mota da zuciya ɗaya, da takardun kwastam a hannunsa, amma ranar da ya kai ta ƙasar da ake duba lamba a kwamfuta, motar za a ƙwace, shi kuma ya shiga amsa tambayoyi a matsayinsa na baƙon da bai daɗe da samun izinin zama ba. Ba ina cewa motar likita haka take ba, ina cewa ba a ɗora mota a jirgi sai an duba.

Dakon kansa ba zan daɗe a kai ba. Daga Abuja zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 700 ta Lokoja, kuma motar da cikinta ke kusa da ƙasa haka ba a tuƙa ta a wannan hanya, sai a bayan tirela. A tashar Tin Can ko Apapa, ko dai ta shiga jirgin da ake tuƙa motoci a shigar, inda hannaye da yawa za su taɓa ta kuma ba a barin kaya a ciki, ko kuma a ɗaure ta a kwantena mai ƙafa 20, wanda ya fi aminci ya kuma fi tsada. Ga ladan ejan a nan da can, ga inshorar teku, ga kuɗin ajiya idan takarda ta makara.

Abin da zai fi cin aljihunsa ma ba ya zuwa sai bayan an gama duk wannan. A Ingila inshora wajibi ce ta gaske, kuma farashinta ya danganta da irin motar da tarihin direba a ƙasar. Likita zai je ne ba shi da tarihin tuƙi ko na kwana ɗaya a wurinsu, ga mota mai silinda 8 da injin lita 5, ga ta shigowar waje, ga sitiyari a hagu. Duk abin da ke tayar da farashi ya taru a kansa. Lasisinsa na Nijeriya wata 12 kawai zai yi masa aiki, kuma ba a musanya shi da nasu, sai ya zauna jarrabawa ya yi gwajin tuƙi kamar sabon ɗan koyo. Ka tuna kuma da iyali zai tafi. Dokarsu ta ce yaro sai ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, kuma kai da kanka ka san kujerar bayan Mustang ko babban mutum ɗaya da ƙyar take ɗauka. Ƙarshenta dole ya sayi mota ta biyu, ya riƙa biyan inshora biyu da haraji biyu, a unguwar da wataƙila ko wurin ajiye mota ɗaya sai a bakin titi.

Idan wani ya zo maka da wata ƙasar, ka fara da tambayar shekarun mota da kasuwar da aka ƙera ta dominta. Amurka ba ta karɓar motar da ba a ƙera bisa ƙa'idarta ba sai ta kai shekara 25, Kanada kuma shekara 15. Saudiyya akasin haka take, ba ta karɓar ƙaramar motar da ta wuce shekara 5, kuma ba ta karɓar wadda ta taɓa yin mummunan haɗari. A Kanada ga dusar ƙanƙara ga gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙarfe, kuma motar da ƙafafun baya ke turawa, da tayoyin zafi, santsi take yi. A lardin Kebek ma doka ce a sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Ka yi tunanin ciniki kuma. Wannan mota an riga an biya mata kuɗin jirgi daga Amurka, an biya kwastam, kuma duk wannan kuɗi yana cikin farashinta ne muddin tana Nijeriya. A Abuja abin marmari ce, akwai matasa masu hali da za su yi rububinta. Da zarar ta bar Apapa, wancan kuɗin fito ya tafi a banza, ta koma tsohuwar mota cikin dubbai. Ɗaukar ta daga nan zuwa can daidai yake da kai goro Kudu daga Kano. Ban kuma goyi bayan a rufe ta da tamfol a gida ana jiran hutu ba, domin motar da ba a tayarwa batirinta yana mutuwa, tayoyi su kwanta, fetur ya lalace a tanki, ɓera ya ci waya, idan kuma aka bar makulli a hannun ƙannen gida, zumunci ne zai lalace tare da ita.

Akwai motar da ni da kaina zan ce a tafi da ita. Idan tsohuwar Marsandi ce mai ƙofa biyu da mutum ya gada daga mahaifinsa, ta haura shekara 30, ba a sauya mata inji ko jiki ba, to wannan ba a samun madadinta a kasuwa, kuma Birtaniya tana sassauta wa irinta haraji a matsayin kayan tarihi. Mai irin wannan mota ba lissafin riba yake yi ba, kuma ba zan hana shi ba. Motar likita ba ta cikin wannan aji, domin irinta na nan birjik a inda za shi.

Na san aikin shirya ta zai kawo mana kuɗi mai kauri, kuma na san kana ɗokin sa hannu a irin wannan inji. Duk da haka ba za mu karɓi aikin da muka san mai shi zai yi nadama ba tare da mun faɗa masa gaskiya ba. Gobe idan Allah ya kai mu, ka ɗaga motar ka duba salansa tun daga inji har baya, ka buɗe gidan tamostat, ka sa na'ura ka karanto duk abin da kwamfutarta ta ajiye, har da na jakar iska, sannan ka kwafo lambar shasi daga gilashi da ƙofa da takardar kwastam ka tabbatar duka ukun sun zo ɗaya. Ka roƙi likita cikin ladabi ya nemi farashin inshora daga can da wannan lamba da adireshin da zai zauna, ya kuma nemi ejan ya rubuta masa kuɗin dako gaba ɗaya. Idan ya ga alƙaluman ya ce duk da haka zai tafi da abarsa, dukiyarsa ce, sai mu mayar mata da duk abin da aka cire, mu zuba ruwan lagireto na ƙasar sanyi da man da kamfani ya rubuta, mu shirya ta yadda ba za ta ba shi kunya a wurin gwaji ba. Idan kuma ya yarda ya sayar, ka gaya masa ya fara nemo mai saye tun yanzu, kafin dillalai su ji labarin ranar tafiyarsa su karya farashi.