Fim ɗin da ya cika shekara 50: sabon faifan ya cancanci kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke Amurka ya ce zai aiko min da The Godfather, bugun cika shekara 50, wai kuɗinsa ya ninka na faifan da aka saba. Ni kuwa ina da fim ɗin a DVD tun tuni. Shin akwai wani bambanci, ko dai kwali kawai suka sake?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wani lokaci kwalin ne kawai, ba ka yi ƙarya ba. Kamfani ya ga shekara ta cika, sai ya ɗauko tsohon hoton nan, ya saka shi a akwati mai ƙyalli da ɗan littafi da hotuna, ya ɗora kuɗi. Lambar da ke jikin kwali ba ta gyara fim. Abin tambaya shi ne: sun koma kan asalin zaren fim ɗin da kyamara ta ɗauka, ko kuwa?

A kan wanda yayanka ya ambata, sun koma. Fim ɗin ya fito a 1972, kuma a 2022 kamfanin Paramount ya fitar da shi a 4K bayan an sake ɗaukar hoton zaren, an goge ƙura da karce, an daidaita launi, da sa idon daraktansa Francis Ford Coppola. DVD layin hoto 480 ko 576 yake nunawa, faifan Blu-ray 1080, 4K kuwa 2160, kuma yawan layi shi ke ƙara wa hoto fitowa sarai. A fim mai yawan duhu irin wannan, ɗakin da a da kake ganin baƙi ƙirin, yanzu za ka ga labule da kujera da fuskar wanda ke tsaye a lungu.

Sai dai ni ina tsoron gyaran da ya wuce gona da iri. A bugun cika shekara 20 na fim ɗin E.T. a 2002, daraktansa Steven Spielberg ya sa an cire bindigogi daga hannun jami'an tsaro da kwamfuta, aka liƙa musu oba-oba. Daga baya ya ce ya yi nadama, kuma bugun shekara 30 a 2012 ya dawo da fim ɗin yadda yake a 1982. Wasu kamfanonin kuma sukan goge tsaki-tsakin da ke jikin tsohon fim har fuskar jarumi ta zama sumul kamar ta roba. Tsaki-tsakin nan ba datti ba ne, halittar zaren ce, kuma in an kankare shi ana tafiya da gashin gira da zanen riga.

Akwai gyaran da nake yi wa maraba. Masu son finafinan Indiya sun san Sholay na 1975. Hukumar tace finafinai ta Indiya ce ta sa aka sauya ƙarshensa, 'yan sanda suka zo suka kama Gabbar, mugun fim ɗin. A 2025 aka nuna gyararren fim ɗin a Bologna ta Italiya da asalin ƙarshen, inda Thakur, tsohon ɗan sandan da ke neman fansa, ya kashe Gabbar da kansa.

Kafin yaya ya kashe kuɗinsa, duba na'urarka. Na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray, ta Blu-ray ta yau da kullum kuma ba ta karanta 4K. Akan kulle faifan Blu-ray bisa yankin duniya: na Amurka yankin A ne, mu a Afirka muna yankin B tare da Turai, saboda haka yana iya ƙin buɗewa. Faifan 4K ba shi da wannan kulle. Idan talbijin ɗinka ƙarama ce, ko a waya kake kallo, ka ce ya bar kuɗin, tsohon faifanka ya isa. Idan kuwa kana da babbar talbijin ta 4K, ka roƙe shi ya haɗo da na'urar a jaka ɗaya.