Amsar Yaya a kan gem ɗin da ba na tsoro ba amma yake firgita mutum

(Ga muryar da Yaya ya turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda waɗanda suka ce datarsu ba za ta buɗe ba.)

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninku, ya gajiya. Toh Auta, na ga tambayarka tun da rana, mutane ne suka yi yawa a shago ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce wai akwai gem ɗin da ba na tsoro ba amma ya taɓa sa gaban mutum ya faɗi, kuma na ga Baffa ya riga ya amsa ya ce babu, wai in ba Resident Evil ko Silent Hill ba sauran duk wasan yara ne. Baffa, da girmanka da komai, a nan kam ban yarda ba. Ni a wajena ma waɗancan ɗin ba su kai waɗannan ba, saboda in ka sa Resident Evil ka san abin da ka sa, tun daga hoton bayan kaset ɗin an gaya maka, ka shirya ka ɗaure zuciyarka. Amma wanda ka zauna kana bugawa hankali kwance, kana tuƙa mota ko kana tsalle kana kwasar zobe, sai abu ya faɗo maka ba sallama, wannan shi ne yake zama a rai har ka girma.

Bari in fara da wanda duk ɗan Gombe da ya shiga gidan gem ya sani, GTA San Andreas, na 2004, a PS2. Mu lokacin a Jekadafari muke bugawa, kowa abin da ya sani shi ne ya sa cit ya ɗauki tanka ya yi ta rigima da 'yan sanda a Los Santos. Amma in ka bar gari ka nausa daji, can wajen da ake kira Back O' Beyond kusa da dutsen Chiliad, gem ɗin sai ya canza gaba ɗaya. Ba mutane, ba motoci, in ka sauka daga mota rediyo ya ɗauke, ba ka jin komai sai takun CJ, wato mutumin da kake bugawa da shi, ga hazo ya rufe itatuwa irin na hunturu a hanyar Dukku da asuba, ba ka ganin gabanka. To a cikin dajin nan akwai wata tsohuwar mota, Glendale, duk ta lotse, za ka ganta tana gangarowa daga tudu ita kaɗai, ba direba, ba kowa a ciki. Wallahi ranar da muka fara ganinta shagon nan tsit ya yi, yaran da suke ihun a ba su pad duk suka yi shiru. Daga baya ne muka gane dalili, wato gem ɗin yana ajiye motar ne a kan gangare, da ta bayyana sai nauyinta ya ja ta ƙasa. Amma sanin dalilin bai rage komai ba, ko yau ka je ka ganta tana tahowa a cikin hazo sai tsigar jikinka ta tashi. Kuma shi kansa hazon ai dabara ce, PS2 ba ta da ƙarfin nuna nesa shi ya sa suka lulluɓe, kun ga da aka sake fito da gem ɗin a 2021 aka cire hazon, a lokacin in ka hau dogon bene kana hango taswirar gaba ɗaya, dajin ya zama fili kawai, duk kwarjininsa ya tafi. Wato abin da ba ka gani shi ne yake aikin.

Akwai kuma ramin nan a hamadar Bone County, ba nisa da sansanin soja na Area 69, in ka leƙa za ka ga gawarwaki a ƙunshe cikin baƙaƙen jakunkuna, ga wata a-kori-kura a ajiye a gefe. Ba mishan ɗin da ya aike ka wajen, ba wanda ya tsaya ya yi maka bayani. Ka gani kawai, ka juya.

Su Rockstar, kamfanin da ya yi GTA, sun ga mutane suna ta neman fatalwa da dodon daji a San Andreas alhali ba su sa ba, to a GTA V na 2013 sai suka sa ta gaske. Auta kai da kake da shi, ka je dutsen Gordo, can arewa maso gabashin taswira, tsakanin ƙarfe 11 na dare zuwa 12 a agogon gem. A kan wani falalen dutse za ka ga mace da fararen kaya tana shawagi, baki a buɗe, in ka matso ta ɓace, sai dai ka tsaya daga nesa ka duba ta madubin bindiga. A kan dutsen an rubuta JOCK da jini. Labarinta a cikin gem ɗin shi ne sunanta Jolene, matar Jock Cranley ce, mutumin nan da kake jin tallarsa a rediyo yana neman gwamna, shi ne ya tunkuɗo ta daga saman dutsen. Ka ga abin da ya sa wannan ta fi ƙarfin fatalwa kawai, ka yi ta jin muryar mutumin nan yana kamfe kana dariya, ashe mai kisan kai ne, kuma ba a hukunta shi ba.

Waɗanda suka riga mu, 'yan zamanin Sega, su ma suna da nasu, kuma Baffa na san ka buga wannan. Sonic, na 1991. Gem mai launi, mai kiɗa mai daɗi, bushiya tana gudu. Sai ka kai Labyrinth Zone ka shiga ruwa, gudun nan duk ya mutu, kana tafiya da ƙyar kana neman kumfar iska, in ka yi kusan daƙiƙa 18 ba ka samu ba sai kiɗan ya yanke wani ya shigo, yana sauri yana ƙara sauri, lamba tana sauka daga 5. Babu dodo a wajen nan ko ɗaya, numfashi ne kawai yake ƙarewa, amma hannunka zai jiƙe da gumi a kan pad. Haka Super Mario 64 na 1996, akwai ɗakin da za ka shiga ka ga fiyano a ajiye a lungu, ka matsa kusa kawai sai ya buɗe baki da haƙora ya biyo ka yana ƙara. Yara nawa abin nan ya sa suka ajiye pad.

Kai har ita PS2 ɗin kanta. In kaset ya karce, ko lens ya gaji, maimakon gem ya tashi sai sikirin ya koma ja, da wani sauti mai zurfi, ga rubutu yana cewa ka sa faifan da ya dace. Mu da kasat ɗinmu duk 'yan kasuwa ne kullum muna haɗuwa da shi, in dare ne kuma inji ne yake aiki ba ƙwan wuta a ɗakin sai hasken talabijin, jan nan shi zai cika ɗakin gaba ɗaya.

Minecraft da yaranmu suke bugawa a waya ma kada ku raina shi. In kana haƙa a cikin kogo mai duhu wani sauti yakan zo haka kawai, wani lokaci nishi wani lokaci ƙarar ƙarfe daga nesa, kuma ba wata halitta ce take yinsa ba, duhun wajen ne yake sa gem ɗin ya sako shi. Ɗana ya taɓa kawo min wayar ya ce Abba riƙe min in fita daga ramin nan. Maganar Herobrine kuma da suke ta yaɗawa, mai fararen idanu, wannan babu shi a gem ɗin, labari ne da aka ƙirƙira a intanet tun 2010, ku gaya wa yara su kwantar da hankali.

Red Dead Redemption 2, na 2018, gem ɗin kaboyi ne, doki da bindiga da fashin jirgin ƙasa. Amma ka bi ta fadamar Bayou Nwa da dare, za ka ji kukan mace, ka ganta durƙushe da farar riga. Kai kuma gem ɗin ya riga ya saba maka da taimakon mutane a hanya, wanda maciji ya sara, wadda dokinta ya mutu, to sai ka sauka ka je. Kana isa ta zaro wuƙa, wasu mutane su fito daga cikin itatuwa, Night Folk ake ce musu, ba sa magana, ba sa ihu, da wuƙaƙe da adduna kawai suke tahowa. Abin da ya dame ni a nan shi ne da tausayinka aka kama ka, bayan wannan ko mai neman taimako na gaskiya ka gani sai ka tsaya kana tunani.

To amma duk waɗannan, in za a tambaye ni wanda ya fi taɓa ni, Metal Gear Solid ne, kuma shi gem ɗin soja ne na laɓe-laɓe, ba ruwansa da tsoro. Hideo Kojima, mutumin Japan da ya yi shi, ya gane wani abu, wato abin da ya fi firgita mai buga gem shi ne gem ɗin ya nuna ya san kana zaune a wajen. A na farko, na 1998 a PS1, akwai wani abokin gaba mai suna Psycho Mantis, zai karanta memori kad ɗinka ya gaya maka wasu gem ɗin kamfanin Konami da ka buga, ya gaya maka ko kana yawan sebin ko ba ka yi, ya ce ka ajiye pad a ƙasa zai motsa shi da ƙarfinsa, sai pad ɗin ya kama rawa. Ana cikin faɗa sikirin ya yi baƙi ka ɗauka talabijin ce ta canza tasha. Duk harbin da ka yi yana kaucewa, sai ka cire pad daga rami na ɗaya ka mayar na biyu sannan ya kasa karanta ka. A na biyu, 2001, kanar ɗin da yake ba ka umarni tun farko sai ya fara sambatu, fuskarsa tana komawa ƙwarangwal, har ya ce maka ka kashe na'urar yanzu-yanzu, ka daɗe kana bugawa. In ƙarfe biyun dare ne kuma kai kaɗai ne a ɗaki, wallahi sai ka waiga.

Na uku shi ne maganar, Snake Eater, 2004. Labarin a 1964 ne, a dajin Tarayyar Sobiyet. Can wajen ƙarshe Snake, sojan da kake bugawa da shi, zai faɗa ruwa, sai ka tsinci kanka a tsakiyar wani kogi, ruwan sama yana zuba, wani mai suna The Sorrow yana shawagi a gabanka, layin ransa babu komai a ciki saboda shi dama matacce ne, harbi ba ya yi masa komai. Aikinka kawai ka yi ta tafiya a cikin ruwan. Sai mutane su fara tahowa ta gabanka, kuma ba wasu ba ne, duk sojan da ka kashe tun farkon gem ɗin ne, ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin kisan da ka yi masa. Wanda ka yanka yana tafe wuya a karye, wanda ka ƙona yana ci da wuta, har wanda ungulu ta ci gawarsa kai kuma ka harbi ungulun ka ci, zai zo yana kuka yana cewa ka cinye shi. In ka kashe mutum da yawa kogin ba ya ƙarewa da wuri, in kuwa da bindigar sa barci ka yi ta amfani ka bar su da ransu, manyan abokan gabar nan kawai za ka gani ka wuce. Wato duk lokacin da kake ganin ba wanda yake lissafi, gem ɗin yana rubutawa. Ni da nake shiga ko'ina da harbi, kogina ya cika maƙil, na yi ta tafiya suna ta zuwa suna kuka, jikina ya yi sanyi, ba irin tsoron a daka maka tsawa ba, wani nauyi ne a ƙirji. Mu da aka tashe mu da sanin cewa komai ana rubutawa kuma za a nuna wa mutum, ba sai an yi mana dogon bayani ba, kowa ya san inda zuciyarsa za ta tafi. Da na sake buga gem ɗin daga farko ban ƙara yanka soja ko ɗaya ba.

Shi ya sa Baffa na ce ban yarda ba. Resident Evil zai sa ka zabura, ka yi dariya, ka ci gaba. Amma ban taɓa jin ya canza wa mutum yadda yake buga gem ba, kogin nan kuwa ya canza min.

Auta in za ka gwada, ka nemi Snake Eater ɗin, akwai shi a cikin tarin Metal Gear da aka fitar a 2023, ko ka zo shago in ba ka na PS2 in har taka tana aiki. Ka buga yadda ka saba, kada ka canza komai saboda abin da na faɗa. In ka kai ƙarshen kogin za ka ga Snake ya faɗi an rubuta gem ya ƙare, to kada ka danna ci gaba don zai mayar da kai farkon ruwan ne, ka buɗe jakar kayanka a nan kan sikirin ɗin, akwai ƙwayar farfaɗowa da aka ba ka tun farkon gem, ita za ka sha ka tashi. In ka wuce wajen ka turo mana murya ka gaya mana mutum nawa ka tarar a naka kogin.